Hoya Mai Ganyen Kaki: Bahasi a Kan Asalinta, Ɗabi'arta da Danginta na Dajinmu

Abin da na zo da shi gabanku yau bahasi ne a kan wata baƙuwar shuka, wadda ba a ƙasarmu Allah ya fito da ita ba, ba a cin ta, ba ta kuma cikin magungunan da muka gada kaka da kakanni, amma ta shekara fiye da 200 tana rataye a tagogin gidajen Turai, daga baya kuma ta bazu har Amurka da sauran sassan duniya, mutane suna renonta saboda ƙyallin ganyenta da ƙamshin furenta. Sunanta a wurin masana tsirrai Hoya carnosa. Da'awar da nake son tsayar wa hujja ita ce, duk wata ɗabi'a da masu reno suke ganin ta saɓa wa al'ada a jikin wannan shuka, tun daga kaurin ganyenta har jinkirin girmanta da ƙin yawan ruwan da take yi, tana da sababi sananne a mahaifarta, kuma Bahaushe, ko da bai taɓa ɗora ido a kanta ba, ya fi mutumin Turai kusa da fahimtarta, domin kuwa 'yar'uwar tumfafiya ce da yaɗiya, waɗanda ya tashi yana gani a bayan gari.

Asali da suna

Mahaifar wannan shuka gabashin Asiya ce, wato kudancin ƙasar Sin, da tsibirin Taiwan, da tsibiran kudancin Japan, da wasu ƙasashen da ke maƙwabtaka da su. Jinsin Hoya gaba ɗaya ya ƙunshi nau'i fiye da 500, waɗanda suka watsu daga Indiya zuwa Filifin da Borniyo da Niyu Gini, har arewacin Ostiraliya da tsibiran tekun Fasifik, babu kuwa ko ɗaya daga cikinsu da asalinsa Afirka ne. Ɗan masanin tsirrai Linnaeus, wanda ya gaji mahaifinsa a kujerar ilmin tsirrai ta Uppsala, shi ya fara siffanta ta a shekarar 1782, ya sanya ta cikin jinsin Asclepias. Sai a 1810 Robert Brown, mutumin Sikotilan wanda ya yi tafiyar binciken gaɓar Ostiraliya tare da Matthew Flinders, ya ware ta ya kafa mata jinsi na kanta, ya laƙaba wa jinsin sunan Thomas Hoy, mai kula da lambun basaraken Northumberland a gidan Syon da ke yammacin Landan. Yana da kyau mu lura cewa wanda aka girmama da wannan suna ma'aikacin lambu ne mai taɓa ƙasa da hannunsa, kuma a ganina Brown ya yi adalci, domin mafi yawan abin da aka sani game da renon irin waɗannan tsirrai daga hannun irinsu Hoy ya fito kafin ya shiga littafi.

Brown ɗin nan ne kuma ya raba dangin su tumfafiya da hoya daga dangin su kariya, ya mai da su gida biyu, saboda bambancin da ya gani a ginin furensu, aka kuwa zauna a kan rabonsa shekara kusan 190. Da binciken ƙwayoyin gado ya bunƙasa, sai ya bayyana cewa gidan farko reshe ne da ya tsiro daga cikin na biyu, saboda haka aka sake haɗe su ƙarƙashin suna ɗaya, Apocynaceae, dangi mai nau'i kimanin 5,000, kuma tsarin da Mary Endress da Peter Bruyns suka wallafa a shekarar 2000 yana daga cikin waɗanda ake dogara da su a wannan babi.

Ganye, da numfashin dare

A dajin da ta fito, hoya ba ta cika zama a ƙasa ba. Tana hawa bishiya ko dutse, wani lokaci ta naɗe reshe, wani lokaci ta manne da ƙananan saiwoyin da take fitarwa daga jikin karanta, ta cusa su cikin tsagar ɓawo inda ruɓaɓɓen ganye da ƙura suka taru. Wajibi ne a nan mu bambanta ta da kauci, wanda yake huda jikin bishiya yana shan ruwanta, domin ita hoya mazauni kaɗai take nema a jikin bishiyar, ba ta zuƙar komai daga gare ta. To, shukar da ta zaɓi wannan mazauni ta sami haske da iska, amma ta rasa abin da 'yan'uwanta na ƙasa suke da shi, wato taskar danshi a ƙarƙashinsu, domin ko da an kwana ana ruwa, kafin rana ta yi tsaka ɓawon da take kai ya tsane, sai ta wayi gari cikin ƙishi alhali tana tsakiyar daji mai ni'ima. Wanda ya riƙe wannan mas'ala ɗaya, sauran bahasin duk zai zo masa da sauƙi.

Ganyen yana da kauri saboda cike yake da ƙwayoyin ajiyar ruwa, an kuma lulluɓe shi da wata fata mai kaki wadda take hana ruwan tsiyayewa zuwa iska, ita ce take ba shi ƙyallin nan da ke sa mai kallo ya zaci an shafa masa mai. Sai dai kaki kaɗai bai isa ba, domin kowane ganye dole ya buɗe ƙananan ƙofofin numfashinsa ya shaƙi iskar kabon wadda da ita yake haɗa abinci da hasken rana, kuma duk sa'ad da ƙofofin suka buɗe, ruwa yana fita ta inda iska ta shiga. Galibin tsirrai, kamar wake da gyaɗa da shinkafa, da rana suke buɗewa, lokacin da zafi ya fi tsanani, suna biyan wannan da ruwa mai yawa. Hoya kuwa an hore mata wata hanya ta dabam, wadda duk mai tadabburi zai ga hikimar Ubangiji a cikinta: tana rufe ƙofofinta da rana, ta buɗe su da dare sa'ad da iska ta yi sanyi danshi ya ƙaru, ta shaƙi kabon ta mai da shi wani sinadari mai tsami da ake kira asid na malik, ta tara shi cikin ƙwayoyin ganye har gari ya waye, sa'an nan, ƙofofi suna rufe, ta warware sinadarin ta saki kabon ɗin a cikin ganye ta haɗa abincinta da shi. Masana suna taƙaita sunan wannan hanya da haruffa uku, CAM, kuma abarba da muke sha ita ma a kanta take tafiya.

Tun farkon ƙarni na 19 wani likita mai suna Benjamin Heyne, yana zaune a Indiya, ya lura cewa ganyen wata shuka mai kaurin ganye yana da tsami ƙwarai da safe, tsamin kuma yana gushewa yayin da rana take ɗagawa, ya rubuta wa ƙungiyar Linnaeus ta Landan labarin, ko da yake an daɗe bayansa kafin a gano sirrin abin. Ina roƙon ɗalibai kada wani ya ce zai maimaita wannan gwaji da harshensa a kan 'yan wannan dangi da muke magana, domin da yawa daga cikinsu dafi ne da su.

Akwai kuma wani mataki gaba da wannan. A shekarar 1983 wasu masana biyu, Rayder da Ting, a Jami'ar Kalifoniya da ke Riverside, suka nuna cewa idan aka hana Hoya carnosa ruwa aka tsananta mata, sai ta rufe ƙofofinta dare da rana baki ɗaya, ta riƙa juya ɗan kabon da numfashinta na ciki yake fitarwa, ba ta girma, ba ta kuwa mutu ba, da zarar an shayar da ita kuma sai ta koma aikinta cikin ɗan lokaci. Amma babu ni'imar da ba ta da farashi, domin abin da ganye zai iya tarawa a dare ɗaya yana da iyaka, saboda haka girman shukar yake da nawa, kuma mai renon da ya ga wata da watanni ba ta ƙara ganye ba, ya ɗauka yunwa ce ko ƙishi, ya dinga ɗura mata ruwa da taki, shi ne yake kashe ta da hannunsa, domin saiwar da aka halitta don ta jiƙe ta bushe cikin yini ɗaya, idan ta kwana uku cikin caɓi sai ta rasa iska ta ruɓe.

Wani abin da ke ruɗa masu reno shi ne dogon reshen da take miƙawa babu ganye ko ɗaya a jikinsa, har su zaci ya mutu su datse shi. Wannan reshe mai neman madogara ne, kansa yana kewayawa sannu a hankali cikin iska har ya ci karo da abin da zai naɗe, ganye kuwa sai daga baya yake biyowa. Charles Darwin ya sanya wannan shuka cikin waɗanda ya lura da kewayawar rassansu a bincikensa na tsirrai masu hawa, wanda ya fara fitowa a 1865.

Fure

Idan shukar ta balaga, wanda yakan ɗauki shekara biyu ko uku ko fiye daga dashe, sai ta fitar da wani gajeren sanda daga gefen gaɓa, a kansa furanni su fito a dunƙule, daga 10 zuwa 30, wani lokaci ma su zarce haka, duka su yi da'ira ɗaya mai kallon ƙasa. Kowane fure bai kai santimita 2 ba, siffarsa tauraro mai kusurwa biyar, fari ko mai ɗan ja-ja, an lulluɓe shi da gashi mai laushi, a tsakiyarsa kuma akwai wani ƙaramin tauraro mai sheƙi da jan ciki, daga ƙarƙashinsa ruwan zaƙi yake tsattsafowa har ya ɗiga. Wannan gajeren sanda ba ya mutuwa bayan furanni sun kaɗe, a kansa na baɗi za su fito, yana ƙara tsawo kaɗan-kaɗan kowace shekara, don haka wanda ya tsinke shi da sunan gyara ya jawo wa kansa jiran da ba dole.

Ƙamshin furen da dare yake tashi. Wasu masana biyu, Altenburger da Matile, sun nuna a 1988 cewa fitar ƙamshin yana bin wani agogo na cikin shukar, yana hawa yana sauka bisa ƙa'idarsa ko da an ajiye ta cikin haske marar yankewa, wanda ke nuna cewa ba duhu kaɗai take jira ba, ta san lokacin da baƙinta suke fitowa. Baƙin nan kuwa an tabbatar da su a 2017, yayin da wani mai bincike, Mochizuki, da abokan aikinsa, suna bincike a tsibirin Amami Oshima na Japan, suka ga cewa wani babban malam-buɗe-littafi na dare mai suna Erebus ephesperis shi ne yake ɗaukar garin namijin furen a ƙafafunsa ya kai wa wani.

A nan ne ginin furen ya cancanci a tsaya masa. A yawancin tsirrai garin namiji a warwatse yake, iska ko ƙudan zuma su kwashe shi yadda ya samu, mafi yawansa ya salwanta. A wannan reshe na dangin kuwa an curo garin an mai da shi ƙunshi-ƙunshi, an haɗa kowane ƙunshi biyu da wani ɗan maƙali mai tsaga a tsakaninsu, suna rataye dama da hagu kamar mangala a bayan jaki, kowane fure yana da irin wannan guda biyar. Idan ƙwaro ya sauka yana shan zaƙi, ƙafarsa takan zame cikin wata siririyar hanya tsakanin sassan furen, yayin da ya fizge ta sai maƙalin ya kama ta, ya tashi da ƙunshin biyu, idan kuma ya sauka a wani fure ƙunshin ya shige irin wannan hanya ya tsinke a ciki, barbara ta tabbata. Ba a san wannan tsari na ƙunshi ba sai a gida biyu cikin tsirrai masu fure, wannan dangi da dangin furannin okid, kuma a cikin binciken barbarar waɗannan gidaje biyu ne Brown, a maƙalar da ya karanta a 1831, ya siffanta cibiyar ƙwayar halitta ya ba ta sunan da ake kiranta da shi har yau. Tun da ƙwaron da ya dace da ita ba ya shiga ɗakunan mutane, da wuya hoyar gida ta yi 'ya'ya, amma idan ta yi, wani siririn kwanso take fitarwa, ya bushe ya tsage, iri ya fito kowanne da tuntun farin gashi iska ta ɗauke shi, wanda duk yaron da ya taɓa fasa ƙwallon tumfafiya ya san irinsa.

Reno a ƙasar hunturu

Daga abin da ya gabata, hukuncin renonta a ƙasa irin tamu yana fitowa da kansa. Ba ta son ƙasar gona ko laka, abin da ya dace da saiwarta shi ne gauraye mai sakin ruwa nan take, kamar ɓawon itace da gutsattsarin gawayi da ɓawon kwakwa da ɗan ruɓaɓɓen ganye, cikin ƙaramar tukunyar ƙasa mai huji a gindi, domin tukunyar ƙasa tana numfashi, ta roba kuwa tana riƙe danshi, babbar tukunya kuma takan tara ruwan da saiwar ba za ta iya shanyewa ba. Tana son haske mai yawa, ba ta yin fure a lungu mai duhu, amma ranar bazara ta Kano ko Sakkwato ko Damagaram, inda zafi yake kaiwa digiri 40 a watan Afrilu, tana ƙona ganyen, don haka hantsi ya ishe ta, a kare ta daga ranar azahar. Da damina a kiyaye ta daga mamakon ruwa, da hunturu kuma, sa'ad da iska ta bushe ƙura ta sauka, a matsar da ita daga bakin iska, a riƙa goge ganyen da jiƙaƙƙen ƙyalle, kada a shayar sai an tura yatsa an ji cikin tukunyar ya bushe. Maƙiyanta biyu ne: wani farin ƙwaro mai laushi da ke ɓuya a hammatar ganye, da kuma ɗorawar darɓa, Aphis nerii, wadda ita ce dai ake gani cincirindo a kan tohon tumfafiya, saboda haka wanda yake da tumfafiya kusa da gida ya riƙa duba shukarsa.

Yaɗa ta da reshe ake yi, a yanko mai gaɓa ɗaya ko biyu a dasa, domin a gaɓa idon toho yake. Wannan ya kawo ni ga wani ciniki da nake ganin bai dace a yi shiru a kansa ba. Akwai wani nau'i mai suna Hoya kerrii, ɗan ƙasar Tailan da maƙwabtanta, wanda masanin tsirrai Craib ya siffanta a 1911, ganyensa yana da siffar zuciya, sai 'yan kasuwa suka riƙa tsinke ganye ɗaya tak su kafa a ƙaramar tukunya su sayar a matsayin kyautar masoya. Ganyen yakan yi saiwa, ya zauna kore shekara ɗaya ko fiye, amma idan ba a haɗo shi da guntun kara mai gaɓa ba, galibi ba zai taɓa fitar da reshe ba har ya mutu. Mai saye ya biya kuɗin shuka, an ba shi ganye, kuma idan mai sayarwa ya san haka ya ɓoye, ban ga abin da ya raba wannan da algus da gararin da malaman fiƙihu suka hana a babin ciniki ba.

Danginta na dajinmu

J. M. Dalziel, likitan da ya yi aiki a Arewa ya tattara sunayen tsirrai na Hausa a littafinsa na 1916, sa'an nan ya fitar da babban littafinsa na tsirrai masu amfani na Afirka ta Yamma a 1937, ya rubuta da yawa daga 'yan wannan dangi: tumfafiya, da yaɗiya wadda ake kwaɗo da ganyenta, da fataka, da kwankwani wanda maharba suke dafin kibiya da shi, da kariya, da karan masallaci wanda har sunan Dalziel ɗin aka sa masa, Caralluma dalzielii. Abin sha'awa shi ne yadda kowanne ya fuskanci ƙishi ta hanyarsa, tumfafiya ta zurfafa saiwa ta shafe ganyenta da farin kaki, kariya ta kumbura gindi ta ajiye ruwa ta zubar da ganye da rani ta yi fure a kan tsiraran rassa, karan masallaci kuwa ya bar ganye kusan gaba ɗaya ya mai da karansa ma'ajiya.

Kariyar nan, Adenium obesum, wadda masanin tsirrai Forsskal ya fara siffantawa daga Yaman, ta zama yau ɗaya daga cikin shuke-shuken ado da ake ciniki a duniya, manoman fure na Tailan da Taiwan sun yi ta barbara da aure a tsakaninta har sun fitar da launuka da furanni masu ninki waɗanda ba a san su a daji ba, alhali mu da take tsirowa a ƙasarmu ba mu ɗauke ta abin noma ba. Wannan yana yi mini ciwo, domin aikin bai fi ƙarfinmu ba, hankalinmu ne bai kai wurin ba.

Saboda haka nake ba sassan ilmin tsirrai na jami'o'inmu shawarar ayyuka biyu waɗanda ba sa bukatar kayan waje masu tsada. Na farko, a ɗebi karan masallaci da asuba da kuma la'asar sakaliya, a niƙa, a auna tsaminsa da ruwan alkali yadda ake yi a kowane ɗakin gwaji na shekarar farko, a maimaita da damina da hunturu da bazara, a ga yadda numfashin dare yake sauyawa da yanayinmu, tun da an tabbatar da shi a wasu 'yan jinsinsa na wasu ƙasashe. Na biyu, a fita da ɗalibai inda tumfafiya take fure, kowa da allura da gilashin ƙara girma, ya zura bakin allurar cikin tsagar furen ya ja sama har ƙunshin biyu su fito maƙale da ita, sa'an nan a kama manyan baƙaƙen ƙudajen nan masu huda itace da ke ziyartar furen, a duba ƙafafunsu, a ƙirga ƙunshin da kowanne yake ɗauke da shi, a rubuta wuri da wata da sa'a.